Yadda ake sauƙaƙa wa mutane haɗawa da girka manhajarka ta tamina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan rubutun naku ne masu rubuta ƙananan manhajoji na tamina, irin waɗanda ake buga wa umarni su yi aiki ba maɓalli ba hoto, kuma kuna sakin kod ɗinku a buɗe kowa ya ɗauka. Na daɗe ina haɗa irin waɗannan manhajojin, nawa da na wasu, kuma abin da ke ci min rai shi ne ka ga mutum ya yi wata biyu yana zuba basira a kod amma hanyar girkawar ya bar ta kamar hanyar ƙauye a tsakiyar damina. Wanda ya sauke aikinka haƙurinsa gajere ne, in ya buga umarni biyu uku ya ga jan rubutu na zubowa sai ya rufe ya nemi na wani, kai kuma ba za ka taɓa sanin ya zo ba.

Inda za mu dosa shi ne duk wanda ya sauke kod ɗinka ya buga wannan kawai ya wuce wurin:

```
make
sudo make install
```

Misalin da zan yi amfani da shi wata 'yar manhaja ce ta C mai suna kirga, tana ƙirga kalmomin da ke cikin fayil, tana kuma jingina da laburaren zlib don ta iya karanta matsattsun fayiloli masu .gz. Kai sai ka sa sunan taka a wurin.

Kayan aiki

- Kwamfaila ta C, gcc ko clang duk ɗaya
- make da pkg-config da git
- Editan da ba ya mayar da TAB zuwa sarari
- Wata kwamfuta wankakkiya ta gwaji wadda ba taka ta kullum ba. Docker ko Podman, masu ba ka sabon Linux a keɓe cikin kwamfutarka, sun wadatar

A Debian da Ubuntu: `sudo apt install build-essential pkg-config git`. A Arch sunan kunshin base-devel, a Alpine build-base, a macOS kuma `xcode-select --install`. In waya ce da kai ba laftop ba, kar ka ce abin ya fi ƙarfinka, a Termux, manhajar tamina ta Android, `pkg install clang make pkg-config git` zai ba ka komai, kuma za ka ga a ƙasa cewa Termux ma wurin gwaji ne mai kyau.

1. Fara da ƙirga abin da manhajar ta jingina da shi

Kafin ka taɓa Makefile, wato fayil ɗin da make ke karantawa don sanin abin da zai yi, zauna ka duba kowane `#include` da ke kod ɗinka ka rubuta waɗanda ba na C ɗin kansa ba. Kowane laburare ɗaya da ka ƙara wani shingen ne da mai girkawa zai tsallake, kuma sunansa daban a kowane tsari. Dubi zlib kaɗai: zlib1g-dev a Debian, zlib-devel a Fedora, zlib-dev a Alpine, zlib zalla a Arch da Termux. Abu ɗaya suna huɗu. To in laburare shida ne fa?

Saboda haka in kana jan babban laburare don aiki ɗaya da layi talatin za su yi maka, cire shi ka rubuta layi talatin ɗin. Amma fa ban ce ka rubuta naka na ɓoye sirri ko na matse fayil ba, waɗannan a bar wa masu su.

2. Rubuta saman Makefile

Shi make tun 1976 yake, Stuart Feldman ne ya rubuta shi a Bell Labs, kuma har yau da wuya ka samu kwamfutar Unix da ba za a same shi a kai cikin sauƙi ba. Wannan ne ya sa nake farawa da shi. Ka'idar da ta isa ka sani ita ce kana faɗa masa abin da za a samar, da abubuwan da ake buƙata kafin a samar da shi, da umarnin da zai yi aikin.

```
VERSION = 1.0
PREFIX ?= /usr/local
BINDIR ?= $(PREFIX)/bin
MANDIR ?= $(PREFIX)/share/man
CFLAGS ?= -O2
PKG_CONFIG ?= pkg-config

DOLE = -std=c99 -Wall -DVERSION=\"$(VERSION)\"
ZCFLAGS := $(shell $(PKG_CONFIG) --cflags zlib 2>/dev/null)
ZLIBS := $(shell $(PKG_CONFIG) --libs zlib 2>/dev/null || echo -lz)
OBJ = main.o kirga.o

all: kirga

kirga: $(OBJ)
	$(CC) $(LDFLAGS) -o $@ $(OBJ) $(ZLIBS) $(LDLIBS)

%.o: %.c kirga.h
	$(CC) $(CPPFLAGS) $(DOLE) $(ZCFLAGS) $(CFLAGS) -c $<
```

Bari in tsaya a nan sosai don rabin ciwon kan duk a waɗannan layukan yake.

Alamar `?=` tana nufin in mai girkawa bai faɗi nasa ba to a yi amfani da nawa. Wato ka ba shi damar zaɓi. Ka lura ban rubuta `CC = gcc` ba, kuma kar ka rubuta, make ya riga ya san CC a matsayin `cc`, shi kuma cc yana nuna duk kwamfailar da ke tsarin, clang ce a Termux da FreeBSD da macOS. Kana ƙulle shi da gcc ka rufe wa wasu ƙofa ba gaira ba dalili.

Me ya sa na ware DOLE daban da CFLAGS? Saboda in mutum ya buga `make CFLAGS=-g`, nasa zai share duk abin da ka sa a CFLAGS cikin Makefile ɗin, har wanda ka ƙara da `+=`. In ka cusa `-std=c99` a ciki to ya tafi, kod ɗin ya ƙi haɗuwa, shi kuma bai san laifinsa ba. Abin da dole sai da shi ka ajiye shi a gefe, CFLAGS ka bar wa baƙo.

Layin ZLIBS kuma yana tambayar pkg-config inda zlib yake, in babu pkg-config ɗin sai ya koma kan `-lz` kai tsaye, wanda a mafi yawan wurare yana aiki.

Kurakuran da na fi gani:

Na farko TAB. Layin umarni a Makefile dole da TAB zai fara, sarari huɗu ko takwas ba sa yi. In ka ga `*** missing separator.  Stop.` to kusan kullum shi ne. Har in ka kwafi misalin nan daga shafi ka liƙa, duba ko TAB ɗin ya tsira, `cat -A Makefile` a Linux zai nuna shi kamar `^I`.

Na biyu jeri. Laburare bayan fayilolin .o yake zuwa. In ka sa `-lz` a gaba, a wata kwamfutar ya wuce lafiya a wata kuma ya ce `undefined reference to gzopen`, ka yi ta neman abin da ba ka ɓatar ba.

Na uku `-Werror`. Yana da kyau lokacin da kake rubutu a ɗakinka amma kar ka saki kod da shi, don bayan shekara biyu sabuwar kwamfaila za ta zo da sabon gargaɗi, gargaɗin ya zama kuskure, manhajar da ke lafiya ƙalau ta ƙi haɗuwa. Haka ma `-march=native`, yana haɗa abin daidai da furosesar kwamfutarka, a kai shi tsohuwar kwamfuta ya mutu da `Illegal instruction`.

3. Girkawa da cirewa

```
install: kirga
	mkdir -p $(DESTDIR)$(BINDIR) $(DESTDIR)$(MANDIR)/man1
	install -m 755 kirga $(DESTDIR)$(BINDIR)/kirga
	install -m 644 kirga.1 $(DESTDIR)$(MANDIR)/man1/kirga.1

uninstall:
	rm -f $(DESTDIR)$(BINDIR)/kirga
	rm -f $(DESTDIR)$(MANDIR)/man1/kirga.1

clean:
	rm -f kirga $(OBJ)

.PHONY: all install uninstall clean
```

PREFIX ya zauna a /usr/local. Folda /usr ta manajan kunshi ce, apt ko dnf ko pacman, in ka zuba kayanka a can wata rana za ku yi karo ka danne masa fayil ko ya danne maka. Shi /usr/local dama don irin wannan aka ware shi.

Wanda ba shi da sudo, kamar ɗalibi a kwamfutar makaranta ko wanda aka ba ɗan lungu a sabar wani, sai ya buga `make install PREFIX=$HOME/.local`, ya tabbatar `~/.local/bin` na cikin PATH ɗinsa. A Termux kuwa abin har daɗi yake ba ni, don Termux da kansa ya riga ya sa PREFIX a muhallinsa yana nuna /data/data/com.termux/files/usr, saboda haka albarkacin `?=` ɗin nan `make install` zalla zai sauka daidai inda ya kamata, ba sudo ba komai.

DESTDIR kuma kar ka ba shi ƙima ko kaɗan, bar shi fanko. Na masu haɗa kunshi ne, irin mutanen Debian da Arch, suna girka manhajar cikin wata folda ta wucin gadi sannan su nannaɗe ta. Bambancinsu shi ne PREFIX inda manhajar za ta zauna har abada, DESTDIR masauki ne na kwana ɗaya, don haka kar sunan DESTDIR ya taɓa shiga cikin kod ɗinka. Gwada shi haka:

```
make install DESTDIR=/tmp/gwaji
find /tmp/gwaji -type f
```

Ya kamata ka ga fayil biyu tak, duk a ƙarƙashin /tmp/gwaji/usr/local. In wani abu ya sulale ya faɗa waje to akwai layin da ka manta.

Za ka ga wasu na rubuta `install -D` don ya ƙirƙiri folda da kansa, wannan na GNU ne, a macOS da BSD ba haka yake aiki ba, shi ya sa na sa `mkdir -p`. Shi ma .PHONY kar ka raina shi, shi ke faɗa wa make cewa waɗannan sunayen ayyuka ne ba fayiloli ba. Tsarin fayil na macOS bisa al'ada ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, in kana da fayil mai suna INSTALL to make zai iya ɗauka shi ne install ɗin ya ce ai an riga an gama.

Sannan uninstall. Don Allah ka sa shi. Wanda ya amince ya ba manhajarka wuri a kwamfutarsa yana da haƙƙin ya kore ta ba tare da ya bi folda-folda yana tsintar tarkace ba.

4. Kar haɗawa ta taɓa intanet

Wannan ina faɗinsa da zafi. Akwai wani dare da nake son haɗa wata 'yar manhaja da ba ta kai kilobayit 200 ba, wuta ta ɗauke, batirin laftop saura kashi 18, ina jan data daga waya. Na buga make, ban ankara ba ashe a ciki an sa ya sauke wasu laburarori da kansa, na zuba ido lambobi na ta hawa a allo har saƙon ƙarewar data ya shigo, haɗawar ta tsaya a rabi, ba manhaja ba data. Wanda ya rubuta ba mugu ba ne, intanet ɗinsa ne ba ya yankewa sai ya ɗauka na kowa haka yake.

Duk abin da ake buƙata ko dai yana cikin kunshin kod ɗin, ko kuma ka rubuta sunansa a README mutum ya girka da hannunsa yana sane. Ba `git clone` ba `wget` a cikin Makefile. Dama su Debian ba sa yarda haɗa kunshi ya leƙa intanet, ka ga in kana fatan manhajarka ta shiga can tun yanzu ka gyara.

5. Shafin man da lambar siga

Wannan ba wuya. `kirga --help` da `kirga --version` su yi aiki, lambar sigar daga VERSION ɗin Makefile take zuwa don kar ka riƙa gyara ta wuri biyu. Shafin man kuma, wato jagorar da `man kirga` ke nunawa (shi ne kirga.1 ɗin nan), in roff, yaren da ake rubuta shi da shi, ya yi maka tsauri, help2man zai haɗa maka shi daga abin da --help ke fitarwa, ko ka rubuta da scdoc. Abin lura ɗaya, ka haɗa kirga.1 ɗin a wurinka ka saka shi cikin kod ɗin a shirye, kar ka sa mai girkawa sai ya nemo scdoc saboda shafi ɗaya.

6. Nannaɗe shi

```
git tag v1.0
git archive --format=tar.gz --prefix=kirga-1.0/ -o kirga-1.0.tar.gz v1.0
sha256sum kirga-1.0.tar.gz > kirga-1.0.tar.gz.sha256
```

Wannan `--prefix` ɗin da `/` na ƙarshensa su ne ke sa komai ya buɗe cikin folda ɗaya, in babu su mutum na buɗewa fayilolinka za su watsu a foldarsa kamar an zubar da gero. Kuma kar Makefile ya dogara da `git describe` don sanin siga, a cikin tar babu folda .git, sai lambar ta fito fanko.

Ka ɗora wannan fayil ɗin da hannunka a shafin saki. A watan Janairun 2023 GitHub ya canza yadda yake matse waɗanda yake haɗawa da kansa, lambobin tantancewa suka canza, masu haɗa kunshi da yawa aikinsu ya tsaya har sai da aka mayar da tsohon tsari. Wanda ka ɗora da kanka yana nan yadda ka bar shi.

7. Gwada a wankakkiyar kwamfuta

In za ka tsallake kowane mataki kar ka tsallake wannan. Kwamfutarka cike take da abubuwan da ka girka shekara biyu da suka wuce ka manta, komai zai haɗu a kanta, ita ba shaida ba ce. Kuma tar ɗin za ka gwada, ba foldar da kake aiki a ciki ba, don a nan ne za ka kama fayil ɗin da ka manta ba ka sa a git ba.

```
docker run --rm -it -v "$PWD":/aiki debian:stable sh
apt-get update
apt-get install -y build-essential pkg-config zlib1g-dev
cd /tmp && tar xzf /aiki/kirga-1.0.tar.gz && cd kirga-1.0
make && make install && kirga --version
```

Yadda nake yi, ina buɗe README a gefe in bi shi layi-layi kamar ban taɓa ganin manhajar ba, ba na buga ko umarni ɗaya da ba ya ciki. Duk inda hannuna ya kai ga wani abu daga ka, to wurin ne README ke da rami, sai in cike shi nan take. Daga nan in maimaita da alpine, shi laburaren C ɗinsa musl ne maimakon glibc kuma sh ɗinsa ba bash ba ne, yana tona asirin duk wata ɗabi'ar da ka ɗauko ba ka sani ba, ga shi ƙarami ne bai kai megabayit 10 ba, ba zai cinye maka data ba.

In babu Docker fa? A Termux `proot-distro install debian` zai ba ka sabon Debian a waya. Ko ka ari laftop ɗin aboki, ma fi kyau ka ba shi README ka zauna a bayansa ka kame bakinka ka ga inda zai maƙale, gani ya kori ji. In kod ɗin na GitHub ne kuma a buɗe, GitHub Actions zai gwada maka a Ubuntu da macOS kyauta duk lokacin da ka tura gyara. Masu FreeBSD kuma ka rubuta musu su buga `gmake`, don `$(shell ...)` da `%.o` yaren GNU make ne, nasu make ɗin bai san su ba.

8. Haɗaɗɗe ga wanda ba shi da kwamfaila

Ba kowa ne zai sauke build-essential don manhaja ɗaya ba. Amma in ka haɗa a sabon Ubuntu ka ba mai tsohon tsari, abin da zai gani shi ne `version GLIBC_2.34 not found` ko makamancinsa. Maganin shi ne ka haɗa a cikin Alpine, komai a dunƙule cikin fayil ɗaya:

```
apk add build-base pkgconf zlib-dev zlib-static file
make LDFLAGS=-static
file kirga
```

Ka nemi kalmar static a amsar. Wannan fayil ɗin zai yi aiki a kusan kowane Linux mai irin furosesar. Ka sa irin furosesar a sunan, kirga-1.0-linux-x86_64, don ba zai tashi a waya ko Raspberry Pi ba, su ARM ne, `uname -m` zai faɗa wa mutum nasa. Sai dai ka sani ka ɗauki nauyi, ranar da aka gano rauni a zlib sabuntawar tsarinsu ba za ta kai ga naka ba tunda a cikinsa yake, kai ne za ka sake haɗawa ka saki.

Irin salon nan na `curl ... | sh` ni dai ba na ba mutane shi a matsayin hanya ta farko, kana koya musu su miƙa wuyansu ga rubutun da ba su karanta ba.

9. README

Sashen girkawa ya zo kusa da sama kuma ya zama gajere: layin abubuwan buƙata na Debian da Fedora da Alpine da Termux wanda za a kwafa a liƙa, sai `make`, sai `sudo make install`, sai layin PREFIX na marasa sudo, sai `sudo make uninstall`. Ka raba make da install layi biyu, don in mutum ya fara da `sudo make install` kai tsaye, root ne zai mallaki fayilolin .o, gobe ya zo `make` ya ce masa ba shi da izini a foldarsa ta kansa.

Wani zai tambaya ina CMake da Meson da autotools, wato sauran kayan haɗa manhaja da ake amfani da su maimakon Makefile na hannu. Suna da ranarsu. In fayilolinka sun yi yawa, ko kana son Windows, ko kana fitar da laburaren da wasu za su jingina da shi, to koma Meson ko CMake, a nan Makefile na hannu zai fara wahalar da kai. In ka koma ɗin sai ka sake bin mataki na 7 daga farko, ka kuma rubuta mafi ƙarancin sigar Meson ko CMake da ake buƙata a README, ka zaɓi wadda ke cikin Debian stable don kar mutum ya sauke kod ɗinka ya tarar sai ya fara haɗa abin haɗawar tukuna.